Ɓera Mai Lamba Sha Huɗu

A Kongola, bayan la'asar, wuta ta ɗauke,
firji ya yi tsit kamar yaron da aka tsawatar wa.
Na kwashi kwalabe bakwai na rungume,
na fita neman mai ƙanƙara a cikin Marwa.

Ɓawon hano ne a ciki.
Na shanya, na daka, na jiƙa, na tace,
na bar shi kwana uku yana tsanewa
har ya koma ɗan ƙulli baƙi mai ɗaci
da bai cika cokali ba.
Aikin wata shida ke nan.
Babana kan gama nasa kafin tukunya ta gama tafasowa.

Shi ne Malam Gwadabe na bakin Mayo Kaliyawo,
shekara arba'in yana shimfiɗa buhu a inuwa:
sabara nan, marke can, kalgo, taura,
ga ƙullin farfaɗiya, ga na mai firgita cikin barci,
ga na macen da ta haihu ta daina magana da kowa.
Bai taɓa rubuta ko ɗaya ba.
Ya ce takarda abincin gara ce,
ya dafa goshi: nan ne rumbun ajiyewa.

To, gara ta shiga rumbun.
Ta fara da makulli, da inda ya aje hula,
ta ci raka'a, ta ci hanyar kasuwa.
Ran wata Laraba ya dube ni cikin ladabi
ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?"
Ni ce fa, Baba. Ni ce Tabawa.

Yanzu ɓeraye talatin gare ni a keji.
Mu ke sa musu mantuwa da allura,
Allah Ya yafe mana,
sannan mu ɗiga wa rabinsu hano da safe,
mu sake su a akwati mai lungu uku
mu ga wa zai tuna inda ya fito,
wa zai yi ta komawa.
Jonwe na riƙe da agogo, ni da biro.
Mai lamba sha huɗu, mai tsagaggen kunne,
jiya ya tsaya a mararraba, ya shinshina,
ya bi sabon lungu babu waiwayawa.
Na yi kabbara har agogon Jonwe ya faɗi.
Ya ɗauka, ya hure shi, ya ce, "Ɓera ɗaya ne."
Na sani.
Kuma kan ɓera ba kan dattijo ba ne.

Akwai hanta da za a duba, akwai ƙoda,
akwai iyakar da magani ke zama guba.
Abin da Baba ke ɗiba da yatsa uku
ni sai in shekara ina lissafawa.
Yayata ta ce, "Ki ba shi mana, me kike jira?"
Na ce ban tabbatar ba tukuna.
Ta ce boko bai ƙara min komai ba sai tsoro.
Na rasa bakin musawa.

Da dare na koma Domayo da warin aiki a hannu.
Ina ba shi kunu sai ya kama yatsuna,
ya kai hanci, ya lumshe ido, ya daɗe.
"Hano," ya ce. "Na kan dutse.
Wane mai gaggawa ya sare shi da damina?
Ai sai ganye ya zube ake sassaƙowa."
Na aje kofi, na jawo littafi, hannuna na rawa.
"Sai me, Malam? Da me ake haɗawa?"
Ya ce, "Ke 'yar gidan wa ce?"
Na ce, "Mai koyo ce."
Ya gyara zama.
"To rubuta, tunda 'yan yanzu ba ku da kai."

Muka kai sha biyun dare.
Shafi huɗu. Wani wajen ya maimaita,
wani wajen ya kira ni da sunan uwata,
na amsa.
Da safe na rubuta a allon ɗakin gwaji:
damina ko rani?
Jonwe ya karanta, ya ce wace mujalla ce ta faɗa.
Na ce wani malami ne a Domayo,
yana barci yanzu, sai dare zan koma tambayowa.